Farfaɗo da tsohuwar Kombi mai ɗakin kwana a zafin Sakkwato

Yawancin bayanan da mutum zai samu a intanet game da gyaran tsofaffin motoci masu ɗakin kwana a ƙasashen sanyi aka rubuta su, saboda haka kusan duk maganarsu a kan tsatsa take ƙarewa, domin gishirin da suke zubawa a tituna lokacin ƙanƙara yana cinye ƙasan mota cikin 'yan shekaru. Wanda ya kwashi wannan shawara ya kawo ta Sakkwato ba tare da tacewa ba zai zuba kuɗinsa inda babu ciwo, ya bar inda ciwon yake. A nan ƙarfe yana daɗewa, amma rana tana ƙona roba, ƙurar hunturu tana shiga inji, gara tana cin katako, sannan ga gyaran dabara da aka yi wa motar a hannun mutane daban-daban tsawon shekaru, wanda sau da yawa ya fi duk waɗannan ɓarna. A kan wannan fahimta na tsara aikin farfaɗo da tawa motar, kuma a kanta nake ci gaba da kula da ita.

Motar Volkswagen Kombi ce ƙirar 1973, daga zubi na biyu da aka ƙera a Jamus tsakanin 1967 da 1979, wadda kamfanin Westfalia ya yi wa gado da kabad da wurin wanke kwanuka da rufin da ake ɗagawa sama. Ana iya tabbatar da shekarar daga lambar shasi, domin a motocin Volkswagen na wancan zamani lamba ta uku ita ce ke nuna shekarar ƙira. Na saye ta ne daga magadan wani dattijo, waɗanda suka shaida mini cewa a Birnin Konni ya same ta daga hannun wasu Turawa da suka tsallako Sahara. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin hanyar, domin a shekarun 1970 da 1980 matasan Turai da yawa sukan biyo ta Tamanrasset da Arlit da Agadas da Tawa, su sayar da motocinsu a Nijar, su koma gida ta jirgi, kuma daga Konni zuwa Illela taku kaɗan ne. Sitiyarinta a hagu yake, wanda ya dace da titunanmu tun da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwar sayen irin wannan mota shi ne injinta ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Kamfanin Volkswagen ya fara harhaɗa motoci a Legas a 1975, kuma Bitil da Kombi sun yi zamani a titunanmu, har yanzu akwai tsofaffin bakanikai da suka koyi sana'a a kansu. Sai dai irin waɗannan mutane suna ƙarewa, kuma samarin da suka taso a kan Toyota da Honda ba su saba da injin da ba shi da lagireto ba. Da na sami wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran Bitil, bai taɓa sifana ba sai da ya buɗe murfin baya, ya durƙusa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji, wagga mota iska na ruwanta. Duk wanda ya cire mata gwangwanin nan, shi ya kashe ta." Na ce, "Baba, ai cewa aka yi an cire su ne don inji ya sha iska." Sai ya yi dariya, ya ce in matso in gani.

Abin da ya nuna mini shi ne ginshiƙin dukan aikin. Injin yana baya, silinda huɗu ne a kwance, biyu a dama biyu a hagu, girmansa sisi (cc) 1,600, ƙarfinsa bai wuce doki 50 ba. Iska tana shiga ta wasu ƙofofi da ke sama a bayan tagogin ƙarshe, an ɗaga su ne don su yi nesa da ƙurar ƙasa, sai fanka ta ja ta, ta tura ta ta kan silinda da kan na'urar sanyaya baƙin mai, ta fita ta ƙasa da zafinta. Faifan gwangwanin da ke lulluɓe da injin, tare da robar da ta zagaye shi, su ne suke raba ɗakin sama mai iska mai sanyi da ƙasa mai iska mai zafi. Idan aka cire faifai ɗaya, ko robar ta bushe ta zube, fanka za ta riƙa zuƙo iskar da ta riga ta yi zafi a kan salansa tana mayar da ita kan injin, kamar mai fifita a bakin murhu. A garin da zafi yake haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan kaɗai ya isa ya sa inji ya buga kafin a kai Bodinga. A motata faifai uku ne babu, robar kuma ko alamarta ba ta rage ba. Biyu daga cikin faifan mun samo su a wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota a Ƙofar Ruwa ta Kano, na ukun kuma mai walda ya yanka mana shi daga farantin ƙarfe bisa kwali da Baba ya zana.

Akwai wani wuri da ake yawan yin irin wannan kuskure. Motar tana da tsarin ɗumama ciki wanda yake ɗaukar iska daga fankar injin ya bi da ita ta jikin salansa. A Sakkwato ba a bukatarsa sai a 'yan safiyoyin Janairu, kuma idan ya tsufa ya huje yana iya shigo da hayaƙi mai guba cikin mota, don haka cire shi ba laifi ba ne. Laifin shi ne a cire bututun a bar bakunan biyu na gidan fanka a buɗe, domin iskar da ya kamata ta sanyaya silinda ta nan za ta riƙa tserewa. Mun toshe su da murfin ƙarfe, muka ɗaure da kyau.

Fanbel ɗaya ne yake juya fanka da na'urar cajin batir tare, saboda haka idan jar fitilar caji ta kama a kan hanya, ba maganar batir ba ce kawai, tana iya nufin fanbel ya tsinke kuma injin ya daina shan iska. Dokar ita ce a tsaya nan take a duba, ba a ce bari a ƙarasa gari na gaba ba. Fanbel na ajiya da sifanar canza shi ba sa fita daga motata.

Bayan iska sai bawul, wato 'yan ƙofofin da ke shigar da fetur da iska cikin silinda su kuma fitar da hayaƙi. A irin wannan inji ana gyara tazararsu da hannu, milimita 0.15 ga kowanne, kuma sai injin ya kwana ya huce sarai ake aunawa. Zafi yana sa bawul ɗin fitar hayaƙi ya riƙa miƙewa, tazarar ta ƙuntata, daga nan ya daina rufewa sosai, ya ƙone, a ƙarshe kansa ya ɓalle ya faɗa kan fistin. Na ga yadda Baba yake yi: ya cire murfin distiributa, wato na'urar da ke raba wa filogi wuta, ya juya injin da hannu har silinda ta ɗaya ta zo daidai, ya zura siririn ma'auni tsakanin bawul da abin da ke danna shi, yana ja a hankali yana jin yadda yake kamawa, ba ya ko kallon wurin. Idan ya tarar da wanda ya matse fiye da sauran, sai ya sa ni in rubuta lambarsa a littafi, domin bawul ɗin da yake matsewa a kowane aunawa yana ba da sanarwar cewa kwanansa ya kusa. Ana yin wannan a duk kilomita 5,000, tare da canjin baƙin mai, kuma yanzu da kaina nake yi da sassafe bayan sallar asuba, kafin rana ta taɓa motar.

Baƙin man da injin yake ɗauka lita biyu da rabi ne kacal, kuma ba shi da matatar mai irin ta motocin yanzu, sai wata 'yar raga a ƙasa da ƙusoshi shida suka riƙe, wadda ake cirewa a wanke da fetur a mayar da sabon gaskit. Mai kaɗan irin wannan, wanda kuma yake taimakawa wajen sanyaya inji, ba ya jure sakaci. Ina zuba mai kauri, 20W-50, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo yake rufe gari, ba na jira kilomita su cika kafin in canza. Matatar iska ta asali irin mai wanka da mai ce, wato ƙura tana faɗawa cikin ɗan baƙin mai da ke ƙasan tukunyar ta zauna. An ba ni shawarar in jefar da ita in sa 'yar ƙaramar matata mai ƙyalli da ake sayarwa, na ƙi, kuma duk lokacin da na buɗe tukunyar a tsakiyar hunturu na kankare jan laka mai kaurin yatsa daga ƙasanta, nakan tuna cewa da cikin silinda za ta ƙare. A ganina babu matatar da ta fi dacewa da ƙasarmu kamar wannan tsohuwar, domin ba ta bukatar komai sai wanki da mai kofi ɗaya. Haka kuma akwai robobi biyu da suka haɗa bututun da ke kai fetur da iska daga kafireta zuwa silinda, waɗanda idan suka tsage sukan shigo da iskar sata, fetur ya yi ƙaranci a cakuɗen, injin ya ƙara zafi ba tare da mai mota ya san dalili ba. Su ma sababbi muka sa.

Maganar wuta ba ta wasa ba ce a Kombi. Tankin fetur, mai ɗaukar kusan lita 60, yana bayan wani faifai a gaban injin, kuma tiyon da yake kawo man yana wucewa kusa da wurare masu zafi da masu tartsatsi. Tsohon tiyo mai rigar zare yana iya zama lafiya a ido alhali cikinsa ya farfashe. Na canza kowane tiyo daga tanki har kafireta, har da na numfashin tanki da ke ɓoye, aka ɗaure kowane baki da maɗauri, aka kuma kawar da matatar fetur ta roba da wani ya rataye a saman distiributa, muka mayar da ita ƙasa kusa da tanki. Tankin kansa sai da aka sauke shi aka wanke, domin fetur ɗin da ya shekara da shekaru a ciki ya daskare ya zama ƙaro. Abin kashe gobara guda biyu nake ɗauka, ɗaya kusa da direba, ɗaya kusa da ƙofar gefe.

Birki bai ba mu wahala sosai ba. Ƙirar 1973 tana da faifai a gaba da ganga a baya, kuma abin da aka yi shi ne canza duk robobi da tiyo da man birki, wanda yake jan danshi kuma ya kamata a sabunta shi duk shekara biyu. Tayoyi kuwa dole su zama na ɗaukar kaya, masu alamar C, ba na ƙaramar mota ba, kuma mutum ya duba lambobi huɗun da ke gefe masu nuna mako da shekarar ƙira, domin mai faci zai nuna maka zanen taya ya ce sabuwa ce, alhali rana ta riga ta gama da ita. Gatarin gaba yana da bakunan giris da ake cikawa, kuma yashin hanyoyinmu yana sa a yawaita.

Sai da duk wannan ya kammala, motar ta yi ta zirga-zirga a cikin gari babu matsala, sannan na waiwayi ɗakin. 'Yan uwa sun yi ta tambayar yaushe za a yi fenti, domin abin da ido yake gani ke nan, amma fenti shi ne na ƙarshe. Tsatsar da muka samu a wurare biyu ce kawai: ƙarƙashin batir, inda ruwansa ya zuba, da ƙasan gilashin gaba, inda busasshiyar roba ta bar ruwan damina ya kwanta. Fanel bita ya gama da su ba tare da wani dogon aiki ba. Ainihin ɓarnar a katako take. Motar ta daɗe a ajiye a kan ƙasa, tayoyi sun sace, gara ta gina hanya ta hau, ta cinye ƙasan kabad da gindin gado ta bar fatar waje tsaye, har sai da na danna da yatsa ya nutse. Ɓeraye kuma sun yi gida a bayan allon mitoci, sun gwaigwaye wayoyi. Na hana kafinta ya wargaza tsofaffin kabad ɗin ya zubar, muka cire su a hankali ɗaya bayan ɗaya, ya yi amfani da su a matsayin ma'auni, ya yanka sababbi daga siririn falanki mara nauyi da aka shafa wa maganin gara, sannan aka mayar da hannayen ƙofofi da maƙullan asali. Na nace a kan rashin nauyi ne saboda kafintocinmu sun saba da yin kayan ɗaki masu kauri, kuma injin doki 50 da yake fama da zafi ba ya bukatar a ɗora masa katakon maɗaci.

Rufin da ake ɗagawa yana da bangon tamfol wanda rana ta mayar da shi kamar takarda. Wani tela mai ɗinka rumfunan biki ya kwaikwayi tsohon, ya buɗa tagogi uku masu faɗi da ragar sauro, kuma wannan shi ne abin da ya sa kwana a motar ya yiwu, domin iska mai zafi tana tashi ta fita ta sama, mai sanyi ta shigo ta tagogin gefe masu falle-falle. Saman rufin fari fat aka shafa masa, an kuma cusa abin hana zafi tsakanin ƙarfen jiki da falankin ciki. Ko da haka, gaskiya ita ce daga Maris zuwa farkon damina ba a zama cikin motar da rana, sai dai a ja rumfa a gefenta a shimfiɗa tabarma. Kujeru da katifa yadin auduga mai kauri aka sa musu maimakon leda, wadda take ƙona cinya idan ta sha rana. Na so in lulluɓe komai da jar fatar akuyar Sakkwato, wadda duniya ta daɗe da saninta, amma baduku da kansa ya ce in taƙaita ta ga gefuna da aljihunan bango da rigar sitiyari, domin gumi da rana za su ɓata ta a wurin zama. Shawararsa ta yi kyau, kuma aikin da ya yi shi ne abin da baƙi suke fara taɓawa.

Tsohon firjin motar irin wanda yake aiki da zafin gas ne, ba shi da kwamfuresa, kuma irinsa yana gazawa idan zafin waje ya yi yawa, ga shi yana bukatar mota ta tsaya a daidai ba karkace ba. Na maye gurbinsa da ƙarami mai kwamfuresa na bolt 12. Mai gyaran wayar mota ya sake dukan wayoyin da suka lalace, ya sa fis a kowane layi, ya raba batirin tayar da inji da batirin ɗaki, ta yadda fanka da fitilu da firji ba za su shanye na farkon ba. Faifan sola mai wat 200 yana kan rufi, an ɗaga shi kaɗan don iska ta bi ta ƙasansa, domin sola yana rage ƙarfi idan ya yi zafi, haka ma idan ƙura ta rufe shi, shi ya sa a hunturu kullum sai an goge. Batirin ɗaki kuma an kawar da shi daga kusa da inji zuwa ƙarƙashin kujera mai ƙofar iska, saboda ƙa'idar da aka sani ita ce ƙarin kusan digiri 10 a kan 25 yana rage rabin rayuwar batirin dalma. Girki a waje muke yi duk lokacin da ya yiwu. Tukunyar gas tana cikin akwati mai rami a ƙasa don gas ɗin da ya zuba ya fita, tun da ya fi iska nauyi, kuma ana rufe ta daga kanta kafin a kwanta. Gawayi ba ya shiga motar ko da sanyi ya kai inda ya kai, domin hayaƙinsa da ba a gani ba a jin wari yana kashe mai barci a rufaffen wuri.

Takardu ma wani ɓangare ne na aikin. Motar da ta shigo ta kan iyakar ƙasa shekaru da dama da suka wuce tana bukatar shaidar biyan kuɗin kwastam, da takardar sayarwa daga magada, da lambar shasi da ta inji da suka dace da abin da ke rubuce, kafin a je ga sabunta rajista da inshora. Ina ba duk mai sha'awa shawarar ya ga waɗannan takardu kafin ya biya ko sisi, domin motar da aka kashe wa dukiya amma ba ta iya wuce shingen bincike ba ta da maraba da kaji a keji. A shingayen hanya kuwa jami'ai sukan tsayar da ni ne galibi don su leƙa su ga gado da famfo, su tambaya ko ta sayarwa ce.

Yadda ake tuƙa ta yana cikin kula da ita. Ba na wuce kilomita 80 a awa, kuma ba na barin inji ya yi nishi a babbar giya, domin saurin fanka yana bin saurin inji ne, idan ya yi ƙasa iska ta ragu alhali aiki ya ƙaru. A bazara da sassafe nake tashi, in tsaya kafin azahar. Idan na tsaya nakan zaro sandar auna mai in riƙe, idan ta gagari yatsa to injin yana neman hutu. Tana shan fiye da lita 10 a kilomita 100, abin da ya zama abin lissafi tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. Halin tsaro a gabashin jihar ya sa ba na bin waɗancan hanyoyi kuma ba na kwana a daji ko'ina, tafiye-tafiyenmu sun fi karkata zuwa Argungu da Birnin Kebbi, inda muke kwana a harabar gidajen 'yan uwa, sai kuma gona a fadama lokacin noman rani.

Ajiya tana kashe irin wannan mota fiye da tafiya. Na yi mata rumfar kwano a kan daɓen siminti, nesa da bango da tarin itace, don rana da gara, kuma ina duba ƙasanta ko akwai sabon ginin ƙasa a jikin taya. Tayar da inji a bar shi yana aiki a tsaye na minti biyar ba ya amfana komai, gara a fita da ita kowane mako a yi tafiyar da za ta sa mai ya yi zafi sosai, birki ya motsa, tayoyi su canza wurin zama. Abin da ya rage yanzu shi ne akwatin sitiyari, wanda ya fara wasa fiye da yadda gyaran ƙusarsa zai ɗauke, kuma Baba ya ce kada a sake matse shi. Na aika a nemo wani a Ladipo ta Legas, idan ba a samu mai kyau ba sai a yi odar sabo daga Brazil, inda aka ci gaba da ƙera wannan zubi na Kombi har zuwa 2013.